Wa Kuma Ke Tari a Gidan?

Tarin Goodness ya fara ne lokacin yankan gero. Da farko ba wanda ya damu, domin rabin yaran unguwar suna fama da mura a lokacin. Sauran yaran suka warke. Ita ba ta warke ba.

Shekararta biyu da rabi, kuma ita ce 'yar fari a wajen Charity da mijinta Obed. Manoma ne, suna zaune a wata 'yar unguwar Kiristoci da ke cikin gonaki a gabashin Bici, a gidan mahaifin Obed, Baba Bawa, wanda matarsa ta rasu tun kafin a kawo Charity. Da rana yarinyar takan yi wasanta, ko da yake ba kamar da ba. Amma da zarar an kwantar da ita bayan cin tuwo, tarin zai taso, busasshe, yana girgiza ɗan jikinta har sai Charity ta ɗauke ta ta jingina ta a kafaɗa. A haka suke kwana, uwa a zaune, 'ya a ƙirjinta. Kafin gari ya waye rigar yarinyar ta jiƙe sharkaf da gumi, alhali ba a zafi.

Babu abin da Charity ba ta gwada ba. Ta ba ta zuma da lemun tsami a ruwan ɗumi. Obed ya sayo maganin tari na kwalba a kemis, ya ƙare, ya sayo wani mai launi daban. Matar Fasto ta ce hayaƙi ne, sai Charity ta mayar da murhu can bayan rumbu, ta daina kunna maganin sauro a ɗaki, ta koma ɗaura gidan sauro. Ta fitar da katifa rana, ta kori kajin da ke kwana a ƙarƙashin gado. Tarin bai ragu ba. Abin da ya ragu shi ne cin abincin yarinyar. Rannan tana yi mata wanka ta ga tana iya ƙirga haƙarƙarinta da ido, sai ta tsaya da soso a hannu, ta rasa abin da za ta yi.

Baba Bawa ma bai zauna ba. Duk gidan ba wanda yake son yarinyar kamarsa. Amaryarsa yake ce mata, ita kuma ta ce masa mijinta. Idan Charity ta tafi gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa ta kanta, a ɗakinsa take barin ta. A kan tabarmarsa take barcin rana, a kwanonsa take cin abinci. Ya jiƙa mata sassaƙe, ya kawo mata saiwa, duk ba su yi ba.

Wata rana da yamma, bayan an gama jera dammunan gero, ya kira ɗansa zaure. Ba su daɗe ba Obed ya shigo ɗaki yana sosa ƙeya.

"Baba ya ce belu ne," in ji shi. "Ya ce ya yi tsawo, shi ne in ta kwanta yake taɓa mata maƙogwaro. Ya aika wa Mati wanzami. Gobe da hantsi zai zo ya cire."

Charity tana ninke kayan yarinyar. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Ni ma an cire min. Ke ma an cire miki."

"Baban Goodness, a kan idona aka cire wa ɗan yayata. Yaro mai ƙiba, lafiyayye. Jini ya ƙi tsayawa, sai da aka kwana da shi a asibiti ana ƙara masa na wani. Dubi wannan. Ina jinin da za ta zubar?"

Obed ya dubi yarinyar da ke kwance, ya kau da kai.

"Ba zan iya ce wa Baba a'a ba. Kin sani."

"Na sani," in ji ta.

Washegari da sassafe, Obed da mahaifinsa suka tafi duba dawa a gonar fadama. Suna ɓacewa cikin karan dawa ta goya Goodness, ta yafa zane, ta bi ta bayan gida. Ba ta bi hanyar da ta ratsa ƙofar coci ba, don kada wani ya tambaye ta inda za ta. Ta bi burtali har bakin titi, ta tari mai babur.

A ƙaramin asibitin da ke ƙauyen bakin titi ta tarar da mata a jere a kan benci. Tana zaune wayarta ta fara ƙara a cikin zane. Obed ne. Ta bar ta ta yi ta yi har ta katse.

Ma'aikaciyar da ta duba su wata doguwar mata ce mai tabarau, Malama Ramlat. Ta ɗora yarinyar a sikeli, ta dubi katin rigakafinta, ta sake duban sikelin.

"Ta fi haka nauyi a zuwanku na baya. Tun yaushe take tarin?"

"Tun yankan gero, Malama. Ya wuce wata."

"In tana yi, kina jin ƙirjinta yana fito kamar usur?"

"A'a."

"Yana sarƙe ta har ta yi amai, ko ta ja numfashi da ƙara?"

"Ba ya kai haka."

"Ba ta taɓa ƙwarewa da gyaɗa ko wake ba, sannan tarin ya biyo baya?"

"Ba ta taɓa ba."

Malama Ramlat ta tambayi hayaƙi, ta tambayi majinar hanci, ta tambayi ko yarinyar tana dawo da abinci in ta kwanta. Ta sa abin sauraren ƙirji ta daɗe tana saurare, gaba da baya. Ta laluba wuyan yarinyar da yatsu, ta tsaya a wani wuri ƙarƙashin muƙamuƙi, ta kamo hannun Charity ta ɗora a kai. 'Yan ƙulle-ƙulle ne kamar ƙwayar gujiya.

"Wa kuma ke tari a gidan?"

"Babu kowa," in ji Charity. "Ni lafiyata ƙalau, babanta ma haka."

"Ku uku ne kawai?"

"Sai surukina."

Tana faɗa sai abin ya faɗo mata. Tarin Baba Bawa ya daɗe a gidan har ya zama kamar kukan zakara, ba wanda yake jin sa. Kowa ya san tabar lofe ce. Amma a damanar nan ya ƙaru. Ta tuna yadda yake tsayawa a tsakiyar kunya ya dogara da fartanya. Ta tuna ramin da ya bayyana a wuyansa, da yadda yake dawo da kwanon tuwo da saura, ita kuma tana zaton yarinyar ce ta jagwalgwala shi.

"Yana tari," ta ce a hankali. "Ya daɗe. A ɗakinsa take wuni."

Malama Ramlat ta cire tabarau.

"Ban ce shi ne ba, sai an gwada. Amma yaro kamar wannan ba ya samo tarin fuka a hanya. Kusan kullum a gida yake sha, daga babba wanda suke ɗaki ɗaya. Ki wuce Bici yanzu, babban asibiti, a yi mata hoton ƙirji. Kada ki ce sai gobe."

"Malama, yau wanzami zai zo cire mata belu."

"Belunta lafiyarsa ƙalau, na duba. Kada ki bari a sa mata ƙarfe a baki. Idan abin da nake zato ne, yana da magani, kuma kyauta ake bayarwa. Amma in an yi mata magani an bar tsohon, za ta warke ta sake ɗauka, ku ma ku ɗauka."

A Bici aka yi hoton. Goodness ta yi ta kuka da aka tuɓe mata riga. Wayar ta yi ƙara har ta gaji, daga baya Charity ta kashe ta gaba ɗaya. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mata wata inuwa a tsakiyar ƙirjin, ya ce alamu sun yi yawa, kuma za a gwada bayan gidan yarinyar don a tabbatar, tunda ƙaramin yaro ba ya iya fitar da kaki. Sannan ya miƙa mata 'yar roba mai jan murfi.

"Wannan ta kakanta ce. Ya yi tari mai zurfi da safe ya tofa a ciki, a kawo. In ya zo da kansa ya fi."

Charity ta karɓi robar. Tun da aka kawo ta gidan, maganarta da Baba Bawa ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, ita ma a durƙushe, ido a ƙasa. Ko abinci ba ta miƙa masa hannu da hannu. Duk tsawon hanyar komawa tana riƙe da robar a cikin zane, tana juya yadda za a yi.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta iso. Tun daga nesa ta hango keken Mati wanzami a jingine da katanga. Bai tafi ba. Yana zaune a zaure da zabirarsa a gefe, Baba Bawa na kan kujerarsa, Obed a tsaye bakin ƙofa. Babu hanyar shiga gida sai ta tsakaninsu.

Ta cire takalmi, ta durƙusa.

"Barka da yamma, Baba."

Bai amsa ba. Ya dubi ɗansa.

"Karɓo min yarinyar. Malam Mati tun hantsi yake zaune."

Obed ya matso. Charity ta kai hannu baya ta riƙe goyon. Da ɗaya hannun ta fito da robar, ta miƙa wa mijinta, ta yi masa bayani ƙasa-ƙasa, da sauri. Ta ga fuskarsa ta canza. Ya tsaya riƙe da robar kamar an ba shi garwashi.

"Mene ne wannan?" in ji Baba Bawa.

Obed ya sunkuyar da kai yana juya robar a hannu.

"Da kai nake."

Da ta ga ba zai iya ba, sai ta faɗa da kanta, kanta a sunkuye.

"Baba, ka yi min gafara. Asibiti na kai ta. Sun ce ba belu ba ne. Sun ce suna zaton tarin fuka ne. Sun ce duk wanda ke tari a gidan a gwada shi."

Goodness ta leƙo ta bayan kafaɗar uwarta, ta ga kakanta, ta miƙa masa hannu.

"Wato ni ne," in ji tsohon. "Ni na sa mata."

"Baba, ba haka na ce ba."

"A gidana, a gaban baƙo. Obed, kana tsaye matarka tana ce min mai cuta."

Ya yunƙura zai miƙe, sai tarin ya kama shi. Ya daɗe yana yi, ya dafa bango, ba wanda ya iya ɗaga ido. Da ya lafa, Mati wanzami ya riga ya rataya zabirarsa.

"Bawa, ni zan koma," in ji shi. "Ba na sa aska a bakin yaro uwarsa na riƙe da shi tana kuka. In kun daidaita, ka san gidana."

Ya ja kekensa ya tafi. Baba Bawa ya shige ɗakinsa ya saki asabari.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na tarin wuya. Obed bai yi wa Charity faɗa ba, amma bai yi mata magana ba. Tsohon ya daina karɓar abincinta, sai dai matar ƙaninsa ta aiko masa daga maƙwabta, kuma daga nan labarin ya fita. A coci ranar Lahadi, matar da suka saba zama tare ta ja yaronta ta koma bencin baya. Wasu suka ce 'yar zamani ce ta raina surukinta. Wasu suka ce gidan Bawa akwai ciwo, a daina aron ludayi.

Sakamakon yarinyar ya fito, aka tabbatar. Wannan karon Obed ne ya kai su a babur ɗinsa, bai ce komai ba har suka je suka dawo. Aka ba su ƙwayoyin da ake narkarwa a ruwa, a ba ta kowace safiya kafin ta ci komai, watanni a jere ba fashi. Aka gaya musu fitsarinta zai yi ja, kada su tsorata. Aka sake tambayar robar tsohon. Obed ya ce za a kawo.

Robar tana nan a kan taga. Tsohon kuwa ya daina barin yarinyar ta shiga ɗakinsa. In ta rarrafa ƙarƙashin asabari, sai ya kira Obed da kakkausar murya ya ce a zo a ɗauke ta. Yarinyar takan tsaya a bakin ƙofar tana kiran "mijinta", tana kuka, shi yana ciki shiru. Charity ta rasa ko fushi ne ko wani abu ne daban.

Aka shiga yankan dawa. Baba Bawa ya ce ba wanda zai hana shi gonarsa. Rannan da azahar Obed ya tafi nemo amalanke, Charity ta ɗauki kunu da ruwa ta kai wa masu aiki. Ta tarar da su a gefen gabas, tsohon ba ya cikinsu. Suka ce ya ce zai huta a gindin kuka.

A can ta same shi, zaune a ƙasa, ya jingina da itacen, yana numfashi sama-sama. Hularsa tana hannunsa a dunƙule. Da ya gan ta ya yi ƙoƙarin tura ta ƙarƙashin cinya, amma ta riga ta gani. Jini ne, ja wur, ba kaɗan ba.

Ta ajiye kwanon. Ta waiga, ba kowa kusa. Ta durƙusa nesa kaɗan da shi, ta tura masa butar ruwa.

"Baba, bari in kira su."

"Kada ki kira kowa."

Ya kurkure baki, ya zubar. Suka zauna haka, ita tana kallon ƙasa, shi yana kallon gona.

"Tana shan maganin?" ya tambaya.

"Tana sha, Baba. Jiya ta cinye kununta har ta nemi ƙari."

Ya gyaɗa kai.

"Ina yaro, wan babana ya yi irin wannan tarin. Aka yi masa bukka a bayan gari. Da sanda ake tura masa ƙwaryar abinci. Ni ake aike. Ranar da ya mutu ba wanda ya sani sai da aka ga ƙwaryar jiya ba a taɓa ba." Ya ja numfashi. "Ni ba zan mutu a bukka ba, 'yar nan."

"Ba a yin haka yanzu, Baba. Na tambaya. Sun ce a ɗakinka za ka zauna, a buɗe taga, ka riƙa rufe baki in za ka yi tari. Sun ce in ka fara shan magani, bayan 'yan makonni ba za ka sa wa kowa ba. Ni zan riƙa dafa maka, in kawo maka da hannuna."

"Haka suka ce, ko haka kike so in ji?"

"Haka suka ce. In ƙarya na yi, ka tambaye su da bakinka."

Can aka jiyo ƙarar amalanke daga burtali. Ya miƙa mata hular.

"Ɓoye wannan, kada Obed ya gani ya ruɗe. Ki ce masa ya kawo babur."

Ba su jira safiya ba. Obed ya ɗauki mahaifinsa, wani cikin masu aikin ya hau baya ya riƙe shi. Charity ta tsaya a bakin gona har ƙarar babur ɗin ta ɓace, sannan ta zauna a kan kunya.

An kwantar da shi a Bici har jinin ya tsaya. Gwaji ya nuna ciwon ne, kuma ya ci huhunsa ɗaya sosai. Ma'aikatan lafiya suka zo unguwar suka gwada Obed da Charity da gidan ƙanin tsohon. Ba a same su da shi ba, amma aka ba su maganin kariya. A cikin tsofaffin da suke zaman dara da shi a gindin ɗorawa aka samu mutum ɗaya. Wani kuma ya ƙi yarda a gwada shi, har Fasto ya je gidansa bai saurara ba.

Tarin Goodness bai tafi lokaci ɗaya ba. Ya riƙa raguwa, gumin ya daina, har wata safiya Charity ta farka ta ga rana ta fito, ta zabura ta taɓa ƙirjin yarinyar, ta tarar barci kawai take yi. Kafin ruwan farko ya sauka kumatunta sun dawo.

Baba Bawa ya sha maganinsa wata shida. Ya yi ƙorafin yawan ƙwayoyin, ya yi ƙorafin tashin zuciya, sau ɗaya ya ce ya warke ya daina, sai da Obed ya zauna a ƙofar ɗakinsa ya ce shi ma ba zai je gona ba sai an sha. Wannan ne karo na farko da ya taɓa ja da mahaifinsa, kuma tsohon ya sha. Ciwon ya tafi, amma ƙarfinsa bai dawo ba. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta. A damanar da ta biyo baya bai riƙe fartanya ba, ya raba gonar fadama tsakanin Obed da ɗan ƙaninsa.

Shi da Charity ba su sake yin doguwar magana ba. Ta koma gaishe shi a durƙushe, yana amsawa a taƙaice. Sai dai ranar da matar ƙaninsa ta zo tana cewa jaririn 'yarta yana tari da dare, ko a kira Mati, tsohon yana zaune yana gyaran igiya, bai ɗago kai ba ya ce, "Ku tambayi uwar Goodness tukuna."